Allura a Cinyar Wani, Tsam a Jikinka

Ranar allurar rigakafi, idan ka tsaya a bakin ɗakin shan magani ka bar kallon jarirai ka koma kan iyayensu mata, za ka ga abin da ya fi kukan yaran ban mamaki. Malamar asibiti ta kama cinyar jariri, ta goge da auduga, ta ɗaga sirinji. Allura ba ta kai ga fata ba tukuna, amma uwar ta riga ta runtse ido, ta cije leɓe, ta kau da kai, wata ma har ta ɗage tata ƙafar daga ƙasa. Matar da ke bayanta a layi, wadda ba ta haɗa komai da yaron ba, ita ma ta ja iska ta haƙora ta ce wash. Haka abin yake a gidan mai ɗori idan za a ja karaya, haka a filin dambe idan bugu ya sauka a muƙamuƙi, 'yan kallo ne ke fara dafe kunci. Babu abin da ya taɓa fatar ko ɗaya daga cikinsu. To daga ina wannan tsam ɗin ya fito?

Tun a 1759 Adam Smith, masanin nan ɗan Sikotilan da aka fi sani da rubutu kan tattalin arziki, ya lura cewa mutum kan janye ƙafarsa idan ya ga an ɗaga sanda za a maka wa ƙafar wani. Abin da ya rasa a zamaninsa shi ne hanyar leƙa cikin kai. An samu wannan hanya a shekaru talatin ɗin nan da suka wuce, kuma abin da aka gani ya gaskata rabin zaton mutane ya rushe rabi. Gaskiya ne ƙwaƙwalwa na aron jikinka ta karanta abin da ke samun jikin wani. Sai dai aron ba ya cika, ba kullum ake yin sa ba, ba kuma don kowa ake yi ba. Ni wannan kashi na biyun ya fi tsaya mini a rai, domin a nan ne marasa lafiya ke shan wahalar da ba ta zama dole ba.

Sai an fara da naka ciwon. Idan ƙaya ta soke ka a tafin ƙafa, jijiyoyin fata ne ke kai saƙo ga laka, laka ta miƙa shi sama zuwa wata mahaɗa a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, daga nan ya rarrabu. Wani reshe ya nufi wani ziri a ɓawon ƙwaƙwalwa da ya taso daga tsakiyar kai ya gangaro wajen kunne, inda kowace gaɓa ke da gurbinta. Likitan tiyata Wilder Penfield ne ya zana taswirar wannan ziri a Montreal ta Kanada a shekarun 1930: yakan tsikari ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya da 'yar wutar lantarki suna farke a gadon tiyata, ya tambaye su ina suka ji. Wannan sashe ne ke gaya maka ƙafar hagu ce, kusa da diddige. Wani reshen kuma ya nufi wurare biyu da za mu yi ta ambata: insula, wadda ke ɓoye cikin wata lanƙwasa a gefen ƙwaƙwalwa, da singulet ta gaba, can ciki tsakanin ɓarin dama da na hagu. Su ne ke sa ciwo ya dame ka, ya hana ka sakat. An ga rabuwar ayyukan nan biyu a jikin wasu tsirarun majinyata da toshewar jini ta lalata wa insula. A soke su da allura su ce sun ji, su ma nuna wurin, amma ko a jikinsu, wasu har murmushi suke yi.

A farkon shekarun 1990, a Jami'ar Parma ta Italiya, Giacomo Rizzolatti da abokan aikinsa suna bin ƙwayoyin jijiya ɗaya bayan ɗaya a ƙwaƙwalwar biri, a sashen da ke tsara motsin hannu. Suka ga ƙwayar da ke amsawa idan birin ya miƙa hannu ya ɗauki abinci, ita ce dai ke amsawa idan yana zaune shiru yana kallon mutum yana ɗauka. Sun fara ba da rahoto a 1992, a 1996 suka raɗa musu suna ƙwayoyin madubi. Daga nan aka yi ta zuzuta su har abin ya wuce gona da iri, aka jingina musu harshe da al'ada da wayewar ɗan Adam baki ɗaya, alhali abin da aka gani a Parma bai wuce motsi ba. Amfaninsu na gaskiya tambayar da suka haifar ce: idan kallon motsi na tayar da sashen motsi, kallon ciwo fa?

Alamar farko ta fito daga ɗakin tiyata a Toronto a 1999, inda William Hutchison ya ci karo da ƙwayar singulet da ta amsa lokacin da aka tsikari yatsan majinyaci, ta kuma amsa lokacin da majinyacin ya ga mai binciken ya tsikari nasa. Ƙwaya guda ba ta isa hujja ba. Hujjar da ta zauna da gindinta ita ce ta Tania Singer a Landan a 2004. Ta gayyato mata 16, kowacce da mijinta ko saurayinta. Matar na kwance cikin na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, namijin na zaune a gefe, an maƙala wa kowannensu waya a bayan hannu mai ɗan jan wuta. Ba ta ganin fuskarsa. Hannunsa take hange ta madubi, sai alama mai launi a allo da ke nuna wanda wuta za ta ja yanzu, ita ko shi, da ƙarfi ko a hankali. Da wuta ta ja ta, duk sassan ciwo suka tashi. Da ta ja shi, insula ta gaba da singulet suka tashi, taswirar Penfield kuwa ta yi tsit. Matan da takardar tambayoyi ta nuna sun fi tausayi, su ne waɗannan sassa suka fi tashi a kansu. Singer ta ce ke nan damuwar ciwo muke ɗaukowa daga wani, gurbinsa a jiki yana can wurin mai shi.

Ba a je ko'ina ba aka ga da sauran magana. A wannan shekarar Christian Keysers ya nuna cewa kallon bidiyon ana shafar ƙafar wani na tayar da ɗaya daga cikin sassan jin taɓi, wanda ke tashi idan taka ƙafar aka shafa. A 2005 kuma Alessio Avenanti da Salvatore Aglioti a birnin Rum suka yi gwajin da ya fi burge ni a duk wannan fage. Akwai na'urar maganaɗisu da ake ɗorawa a kai, ta ba sashen motsi bugu guda, tsokar hannu ta ɗan zabura, a auna ƙarfin zaburar. Suka sa mutane kallon bidiyon allura tana nutsewa cikin naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya a hannun wani da ba su sani ba. A daidai lokacin, zaburar wannan tsoka a hannun mai kallo ta ragu, ita kaɗai; tsokar gefen ƙaramin yatsa ba ta canja ba. Da aka sa tsinken auduga a maimakon allura, babu abin da ya faru. Da aka soke tumatir, nan ma shiru. Hannun mai kallo ya san daidai inda aka soki hannun wani, ya yi sanyi a wurin.

To me ya sa Singer ba ta ga haka ba? Da ita da Claus Lamm da Jean Decety suka tattara gwaje-gwaje da dama suka auna su tare a 2011, dalilin ya fito fili. Insula da singulet na tashi ko ta wace hanya labarin ciwon ya iso, ko da alama ce a allo. Taswirar jiki kuwa sai ido ya ga gaɓar, ya ga abin da ke shigar ta.

Idan haka ne, me ya hana mu duka jin allurar a fatarmu? Wani bayani, wanda V. S. Ramachandran na San Diego ya fi kowa yayatawa, shi ne fatarka ce ke ƙaryata idonka. Ido ya ce an taɓa hannu, jijiyoyin hannu suka ce mu ba abin da ya same mu, sai ƙwaƙwalwa ta yanke cewa na wani ne. Ya gwada wannan a kan waɗanda aka yanke wa hannu, waɗanda da yawansu ke jin hannun yana nan ko bayan shekaru. Da suka kalli ana shafar hannun wani, sai suka ji shafar a hannun da babu shi, tunda babu fatar da za ta musa. Mutanen da ya gwada ba su da yawa, don haka a ɗauki maganar da taka-tsantsan. Amma a Ostireliya Bernadette Fitzgibbon ta tambayi waɗanda suka rasa gaɓa, kimanin kashi 16 cikin 100 suka ce tun bayan yankewar, ganin wani cikin ciwo na tayar musu da zugi, galibi a dungun ko a gaɓar da ta tafi.

Akwai kuma waɗanda haka Allah ya yi su. A 2005 Sarah-Jayne Blakemore ta wallafa labarin wata mata mai shekara 41 da aka sakaya sunanta da harafin C. Idan ta ga an taɓa kuncin wani, sai ta ji taɓin a nata kuncin sarai. Lafiyarta ƙalau, kuma duk tsawon rayuwarta ta ɗauka kowa ma haka yake ji. A cikin na'ura, sassan jin taɓinta sun tashi fiye da na sauran mutanen da aka gwada, insularta ma ta shiga ciki. Michael Banissy da Jamie Ward suka fito da dabarar tantance masu wannan hali, wanda ake kira taɓin madubi, ba tare da an dogara da bakinsu kaɗai ba. Wata 'yar na'ura za ta taɓa kuncinka ɗaya, a lokaci guda kana kallon ana taɓa kuncin wani a allo, sai a ce faɗi inda aka taɓa ka da gaske. Yawancin mutane ba sa kuskure. Masu taɓin madubi kuwa sukan yi jinkiri, ko su ce duka biyun, don ba su iya raba na gaske da na aro. Da wannan gwaji aka ƙiyasta a 2009 cewa kimanin kashi 1.6 cikin 100 na mutane ne ke da shi.

Na ciwo ya fi haka yawa nesa ba kusa ba. A Birmingham a 2010, Jody Osborn da Stuart Derbyshire sun nuna wa ɗalibai hotuna da bidiyon rauni, irin karayar ɗan wasa a fili. Kusan ɗaya cikin uku suka ce sun ji wani abu mai kama da ciwo a jikinsu na ɗan lokaci, yawanci a daidai gaɓar. A na'ura, su ne sassan jin jikinsu suka tashi sosai, sauran kuwa damuwa ce ta fi bayyana a kansu. Saboda haka uwar da ta ce cinyarta ta amsa lokacin da aka yi wa ɗanta allura ba raki take yi ba, ba kuma ƙari ta yi ba. Dalilin da ya sa wasu suka fi wasu har yanzu ana ja a kansa. Wasu masana na ganin sassan jin taɓi ne suka fi saurin kamawa, wasu na ganin rauni ne a wajen raba ni da wani. Peter Lush na Jami'ar Sussex ya ƙara da jan kunne a 2020, cewa mutanen da suka fi saurin jin abin da aka ce musu za su ji, su ne kuma suka fi ba da labarin ciwon aro. Wannan bai mai da abin ƙarya ba. Ciwon kanka ma tsammani na ƙara shi yana rage shi.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ko ciwon aro da ciwon kai abu ɗaya ne a ƙwaƙwalwa, ko kuwa maƙwabta ne da na'ura ta kasa rabawa. Kowane ɗigo a hoton MRI na ɗauke da ɗaruruwan dubban ƙwayoyi, kuma insula da singulet na tashi kan abubuwa barkatai, ƙyama da fargaba da duk abin da ya fizgi hankali. Masu cewa abu ɗaya ne suna da hujjoji masu nauyi. A Vienna ta Ostiriya a 2015, Markus Rütgen da Lamm sun ba mutane ƙwayar da babu magani a cikinta, suka ce musu mai kashe zafi ce mai ƙarfi. Zafin jan wuta ya ragu musu, wannan an san yana faruwa. Sai ga shi zafin da suke ji wa wani ma ya ragu, insula da singulet suka lafa. Da aka ba wasu naltrexone, maganin da ke toshe hanyar sinadaran kashe zafi da jiki ke yi wa kansa, sai duka biyun suka dawo. A Ohio ta Amurka a 2016 an ga ɗan ragin tausayi ga waɗanda suka sha miligiram 1,000 na farasitamol, ragin da bai kai wani ya fasa shan maganin ciwon kai ba. A ɓeraye kuma, inda ake iya bin ƙwaya ɗaya-ɗaya, Keysers da Valeria Gazzola a Amsterdam sun samu a 2019 ƙwayoyin singulet da ke amsawa idan ɓera ya ji zafi, su kuma amsa idan ya ga wuta na jan ɗan'uwansa. Da suka kashe wannan sashe da magani na ɗan lokaci, ɓeran ya rage sandarewar da yake yi idan ya ga wahalar wani, tsoron abin da ya shafe shi da kansa kuwa yana nan.

Ɗaya ɓangaren ma ba hannu rabbana ya zo ba. A 2016 Anjali Krishnan da Tor Wager a Colorado sun koya wa kwamfuta gane zanen da zafin ƙuna ke yi a faɗin ƙwaƙwalwa, da zanen da kallon raunin wani ke yi. Zanen biyu suka fito daban, kuma na kallon ya fi jingina da sassan da muke tunanin abin da ke zuciyar wani da su. Ga kuma mutanen da aka haifa ba sa jin ciwo sam, masu cizon harshensu ko taka karaya ba su sani ba. Nicolas Danziger a Faris ya gwada su. Ba su taɓa sanin zafi ba, amma insula da singulet ɗinsu sun tashi da suka ga wani cikin ciwo. Idan sun ga fuska a yamutse, suna auna ciwon daidai da kowa. Idan kuwa raunin kawai aka nuna musu, ba fuska ba kuka, sai su rage masa kima, in ban da masu yawan tausayi a cikinsu da kan cike giɓin da tunani.

Abin da na fahimta daga wannan jayayya shi ne hanyoyi biyu ne ke aiki tare. Ɗaya mai sauri ce, ta jiki, tana cafke abin da ido ya gani ta ɗora a kan abin da ka taɓa ji. Ɗayar mai nawa ce, ta tunani, tana tambaya wane ne wannan, wane hali yake ciki. Ta farkon tamkar mai awon yadi da kamu take, da nasa hannun yake aunawa, ba da na mai saye ba. Abin da uwa ta ji a cinyarta nata ne, daga allurorin da aka taɓa yi mata aka haɗa shi. Yana iya zarce abin da yaron ya ji, yana iya gazawa.

Kuma ba kowa take auna wa ba. A 2006 Singer ta sa mutane wasan kuɗi da wasu biyu da aka shirya a ɓoye, ɗaya mai adalci ɗaya macuci, sannan ta sa su kallon wuta na jan kowanne. Ga mai adalci, maza da mata duk sun amsa. Ga macucin, amsar mazan ta faɗi ƙwarai, sashen jin daɗin lada ya tashi a madadinta, gwargwadon yadda kowa ya ce yana son ramuwa. Avenanti kuma ya koma kan gwajin allurarsa a 2010, wannan karon da Turawan Italiya da 'yan Afirka mazauna can. Tsokar kowa ta amsa wa hannu mai launin fatarsa, ta yi shiru ga ɗayan, kuma shirun ya fi ƙarfi ga waɗanda wani gwaji ya nuna sun fi ɓoye wariyar launi a zuci. Sai suka ƙara hannu na uku da aka rina launin shunayya, wanda babu ɗan Adam mai irinsa. Duka ɓangarorin suka amsa masa.

Wannan sakamako yana tayar mini da hankali, yana kuma ba ni fata. Baƙunta ba ta hana jiki amsawa ba, tunda ga hannun da ya fi kowanne baƙunta ya samu amsa. Abin da aka cusa wa mutum game da wasu mutane ne ya hana. Abin da aka koya kuwa ana iya sake shi: Grit Hein ta nuna a Zurich a 2016 cewa 'yan lokuta kaɗan da bare ya kare ka daga zafi sun isa su ɗaga amsar insula ga sauran mutanensa. Duk wanda ya ga yadda bidiyon gawarwaki ke yawo a WhatsApp bayan rikici, kowa na tura na ɓangarensa da kuka yana wuce na ɗayan da yatsa, ya san maganar ba a ɗakin gwaji ta tsaya ba.

Ma'aikatan lafiya kuwa rage wannan amsa suke koya, kuma dole ne su koya. A Taiwan a 2007, Yawei Cheng da Decety sun nuna bidiyon ana soka allurai a gefen baki da hannu da ƙafa ga likitoci masu aikin allurar gargajiyar Sin, da kuma mutanen da ba su taɓa wannan aiki ba. A wurin na biyun insula da singulet suka tashi. A wurin likitocin ba su tashi ba, sassan gaban goshi masu danne motsin rai ne suka karɓi aikin. Babu mai son wanzamin da hannunsa ke rawa, ko ungozomar da za ta runtse ido a lokacin da ake buƙatar idon. Amma likitocin nan sun kuma ba ciwon maki ƙasa da na sauran, kuma bincike da dama ya nuna ma'aikatan lafiya kan auna ciwon majinyaci ƙasa da yadda shi ya faɗa.

Ɗauki duk wannan ka kai bakin gadon mai sikila. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da wannan cuta. Idan ciwon ya tashi, ƙwayoyin jini da suka lanƙwashe ne ke toshe ƙananan hanyoyin jini, zafi ya kama ƙashi, a baya, a ƙirji, a gwiwa, ya kai matuƙa. Amma babu jini a waje, babu karaya, babu allurar da ido zai bi, taswirar jikin mai kallo ba ta da abin kamawa. Saurayin da ya shekara 20 yana wannan fama ya koyi kwanciya shiru, ya juya fuska bango, wataƙila ma yana latsa waya don ya ɗauke hankalinsa, saboda haka fuskar ma ba ta ba da labari. Mu kuma mun taso inda dauriya abin yabo ce. Ana yaba mai naƙudar fari da ba a ji muryarta ba, ana yi wa yaro mai raki dariya. Malamar da ke tsaye a kansa ta ga irinsa ba adadi, jikinta ya daina amsawa tuntuni, ga layi na jiran ta a waje. Idan ya ambaci sunan allurar da ta saba yi masa aiki, sai zargi ya shigo cewa kamuwa ya yi da ita, mun kuwa ga abin da ɗaukar mutum macuci ke yi wa insula. Ba a nan kaɗai ba. A Birtaniya wani kwamitin 'yan majalisa ya fitar da rahoto a 2021 da ya tattara shaidar masu sikila kan yadda ake ƙin yarda da ciwonsu a asibitoci, ya kuma ce wariyar launi na cikin dalilan.

Ba sai an samu mugu a ɗakin ba kafin a cuci wannan saurayi. Hanyoyin da ƙwaƙwalwa ke bi ta ji wa wani ne suka toshe gaba ɗaya, wanda ke tsaye kuma ya ɗauki shirun nasa jikin shaida cewa ciwon bai kai ba. Shi ya sa asibitocin da suka ɗauki abin da gaske ba sa barin hukunci ga abin da ma'aikaci ya ji. Ana tambayar majinyaci ya ba ciwonsa maki daga 0 zuwa 10, yaro a nuna masa jerin fuskoki ya zaɓa, a rubuta abin da ya faɗa da bakinsa. Ƙa'idar da hukumar lafiya ta NICE a Ingila ta fitar a 2012 ta ce a ɗauki tashin ciwon sikila a matsayin larurar gaggawa, a ba da maganin zafi cikin minti 30 da isowar majinyaci, a kuma riƙa komawa ana tambayarsa kowane minti 30 har zafin ya lafa.